Hotunan Gona na Bara

"Umma, wai da gaske ne mutum zai iya ganin cikin ɗakinmu ta kwamfuta, ko da mun sa sakata?"

'Yata Khairunnisa ce ta jefo min wannan tambayar muna cikin keke napep a hanyar Ajilari, da muryar nan tata da ba ta san a hankali ba. Matan da ke zaune kusa da mu suka kalli juna, mai keken ma sai da ya waiwayo. Na san inda ta tsinto maganar. A tsakar gida ta ji ta a bakin manya, lokacin da muka zaci hankalinta yana kan wasa. Na ce mata ta bari mu isa gida. Amma amsar ba ta yara kaɗai ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta wannan domin iyaye irina, da duk wanda yake fita aiki ofis.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na Maiduguri. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba. A wurin aiki Injiniya ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Sauran sunayen da za ku ji duk na sauya su.

Yana aiki ne a ofishin wata ƙungiya mai taimaka wa manoman shinkafa na Zabarmari da Khaddamari da iri da horo. Shi ke kula da kwamfutocin ofishin. In ka gan shi sai ka so shi. Kullum fes, da hularsa ta zanna, ba ya ɗaga murya, ba ya ɗaga ido ya kalli mace sau biyu. In aka kira salla shi ke fara tashi. A unguwa ma duk wanda wayarsa ta lalace wurinsa yake kaiwa, ya gyara, sau da yawa ko sisi ba ya karɓa. Mata sukan ce wa matarsa, "Ke kam Saude, kin dace."

Ga wanda bai taɓa aiki a irin wannan wuri ba, bari in kwatanta. Kwamfutocin ofis a haɗe suke da juna, kamar ɗakunan gidan haya masu tsakar gida ɗaya. Kowane ɗaki da ƙofarsa. Akwai folda guda ta kowa da kowa, inda ake ajiye rahotannin aiki, kamar dai rumfar tsakar gida. Amma abin da ke cikin kwamfutar mutum nasa ne, ba mai gani daga wata kwamfutar sai an shiga wurin saiti an buɗe, an kuma zaɓi wanda aka yarda ya gani. Mabuɗan waɗannan ƙofofi duka a hannun Injiniya suke. Amana ce aka damƙa masa, ba don ya fi kowa ba, sai don shi ya iya.

To, akwai wata al'ada a ofishin, wadda na tabbata tana nan a ofisoshi da yawa. Ma'aikatan da ke fita ƙauyuka da wayoyinsu suke ɗaukar hotunan gonaki. Kafin wata ya ƙare waya ta cika, ta fara tsayawa. Sai mutum ya dawo a gajiye, da zafin nan na Maiduguri, ya sa igiya ya juye duk abin da ke cikin wayar a kwamfutar teburinsa, ya ce daga baya zai tace. Wa ke tacewa? Ba kowa. Hoton gona da hoton ɗaki, hoton taki da hoton biki, duk a wuri ɗaya.

Ranar farko ba da niyya ya gani ba. Wannan gaskiya ce, kuma a nan darasin ya fara. Akwai wata ma'aikaciya, Ruƙayyatu, matar aure, mai kamun kai, ita ke zuwa gonakin Khaddamari. Kwamfutarta ta yi nauyi, ta kira shi ya duba, ta tafi alwala. Yana cikin neman abin da ya cika kwamfutar sai hoto ya buɗe. Ita ce a wurin ƙunshin bikin ƙanwarta, cikin mata zalla, ba ɗankwali, tana dariya. Ya yi sauri ya rufe, ya ce a'uzu billahi.

Da a nan ya tsaya, da ba abin da aka rubuta masa. Kallon farko da ba a yi da niyya ba, malamai sun ce babu laifi. Amma ya koma teburinsa da hoton a cikin kansa. Ya tafi gida da shi. Ya dawo da shi washegari. Zuciya ta fara ce masa: ai ba taɓa ta ka yi ba. Ai ba za ta sani ba. Wa aka cuta?

Ya 'yan uwa, ku kula da wannan tambayar, wa aka cuta. Mutane da yawa da ita suka fara.

Wata Asabar ya ce wa shugabar ofishin, Madam Margaret Dzarma, zai shigo ya yi wa kwamfutoci sabis tunda ba kowa. Ta yaba masa, har ta ce da kowa kamarsa yake da ta huta. Ya zauna a kujerar Ruƙayyatu, ya shiga wurin saiti, ya zo kan foldar hotunanta. Kwamfutar ta tambaye shi wa za a buɗe wa.

A nan ya tsaya yana tunani. In ya zaɓi sunansa shi kaɗai, sunan zai zauna a wurin a rubuce. Duk ranar da wani ya leƙa saitin, zai ga cewa Injiniya ya ba kansa izinin shiga hotunan matar mutane. Sai ya zaɓi ɗayan zaɓin, wanda ke cewa kowa. Kowa ba shi da suna, ba shi da fuska. In an tambaya, sai a ce kuskure ne. Sannan ya kashe wurin da ke sa kwamfuta ta nemi lambar sirri kafin a shigo mata daga waje. Ya gaya wa kansa cewa a ofishin nan wa ya san inda ake dubawa? Direba? Ko Madam, da sai an kira shi ya canja mata tawadar firinta?

Ya tashi daga teburin Ruƙayyatu ya koma na Serah. Daga na Serah ya koma na Aminat. Bai taɓa teburin namiji ko ɗaya ba.

Daga ranar, yana zaune a kujerarsa, fuskar kwamfutarsa na kallon bango, yana shiga ɗakunan matan mutane. Suna wucewa ta gabansa suna cewa, "Sannu da aiki, Injiniya," yana amsawa kansa a sunkuye, su kuwa suna cewa kunya ce. Abin da ya yi masa daɗi sai ya kwafe ya ajiye a tasa kwamfutar. Ya buɗe folda, ya yi tunanin sunan da ba wanda zai yi sha'awar taɓawa, ya sa mata "Hotunan gona na bara". A cikinta kowace mace da tata ƙaramar folda da sunanta, don shi mutum ne mai tsari. Da abin ya zame masa jiki, har ita ma wannan foldar ya buɗe ta ga kowa, don ya riƙa kallo ta laftof ɗinsa in yana zaune a ɗakin ajiya ko a gindin dogonyaron bayan ofis.

Zunubi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Wayoyin unguwa da ake kawo masa gyara, su ma suka fara kwana a ofis. "Sai na haɗa ta da kwamfuta," haka yake cewa. Foldar ta ci gaba da kumbura.

Bai daina salla ba. Wannan shi ya fi ba ni tsoro. Yakan yi sujada ya ce astagfirullah, ya yi niyyar gobe zai goge komai. Gobe ta yi, sai ya ce bari ya duba sau ɗaya na bankwana.

Ana nan Ruƙayyatu ta tafi hutun haihuwa. Haihuwar ta zo da wahala, sai da aka yi mata tiyata, ɗinkin kuma ya ƙi warkewa da wuri. Likitar da ke duba ta ta ce ta riƙa ɗaukar hoton wurin tana turo mata, don ta rage zirga-zirgar asibiti. Duk macen da ta bi ta wannan hanya ta san irin waɗannan hotuna. Ba na ado ba ne. Na ciwo ne, waɗanda mace ko mahaifiyarta ba ta son ta gani.

Da ta dawo aiki, wayar ta cika maƙil. Ta tsaya a bakin teburinsa da igiyar a hannu.

"Injiniya, zan juye wayar nan a kwamfutata. Amma akwai abubuwana na mata a ciki. Ba wanda zai gani, ko?"

"Haba, Ya Ruƙayya, wa zai gani? Wallahi ko ni sai da izininki."

"To alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri."

Ta yi masa addu'a, ya ce amin. Kafin la'asar ya kwashe duka, ko tacewa bai yi ba.

Wace irin zuciya ce za ta rantse da Allah ga matar da ta fito daga bakin mutuwa, sannan ta bi bayanta ta leƙa? Irin tawa ce da taku, in aka bar ta tana cin haram kaɗan-kaɗan ba a tsawata mata ba.

Akwai kuma wata al'adar tamu ta nan. In baƙo ya shigo ofis, bayan ruwa da gaisuwa, abin da yake tambaya shi ne lambar waifai, don ya hau intanet ɗin ofis. Hanawa kuwa rowa ce, ba a yi. A ofishin nan ma an rubuta lambar an manna a jikin ƙofar ɗakin taro. Kuma waifai ɗaya ne, na baƙi da na ma'aikata ba a raba ba. Duk wanda ya shiga, ya shigo tsakar gidan ke nan, duk ƙofar da ke buɗe kuma a buɗe take gare shi.

Sai ƙungiyar ta shirya taron horo ga shugabannin manoma kafin damina. Ana saura kwanaki kaɗan Madam Margaret ta kira shi ofishinta.

"Ɗana, baƙi za su cika mana gida, da manya da samari. Ni ban san kan abin nan naku ba. Ka tabbata komai namu a rufe yake."

"An gama, Madam. Kar ki damu."

Allah ya aiko masa da tunatarwa ta bakin wannan mata. Kuma ya ji ta. Ya koma ya zauna, ya buɗe saitin, ya kai kibiyar kwamfutar kan wurin rufewa. Dannawa ɗaya ce ta rage. Sai ya tuna in ya rufe nasu, sai ya sake neman wata Asabar kafin ya buɗe. Ya tuna Aminat ta dawo daga biki ba ta juye wayarta ba tukuna. Ya ce a ransa, manoma ne fa, me suka sani? Ya janye hannunsa ya tafi cin abinci.

Ranar taron ɗaki ya cika. Dattawa a gaba da manyan riguna, samari a baya. An gayyato wani malamin aikin gona, Malam Nuraddeen, ya zo da laftof ɗinsa, ya karanta lambar da ke jikin ƙofa ya shiga waifai, aka haɗa masa majigi yana haska bango. Duk abin da ya buɗe, ɗakin duka yana gani. Samarin kuwa, kamar yadda aka saba a irin wannan taro, wayoyinsu a sama suke, duk shafin da ya fito sai su ɗauka don su nuna a gida.

Aikin Injiniya a ranar shi ne yawo da makirfo, yana miƙa wa mai tambaya. Wani dattijo daga Khaddamari, Baba Ba'ana, ya ɗaga hannu. Wannan dattijo ƙanen mahaifin mijin Ruƙayyatu ne, shi ya karɓa masa aurenta. Injiniya ya durƙusa a gefensa ya riƙe masa makirfo. Dattijon ya ce bara ganyen shinkafarsa ya yi ja tun daga baki, ya bushe, bai san ko ciwo ne ko ƙasa ce ta gaji ba.

Malam Nuraddeen ya ce, "Baba, da zan ga hoto da na gaya maka. Madam, ba ku ajiye hotunan gonakin bara ba?"

Madam ta ce suna nan a wani wuri, a tambayi Injiniya. Amma malamin ya riga ya fara dubawa da kansa. Kwamfutocin ofishin suka jeru a bango, ya shiga wannan, ya shiga waccan, sai ya yi murmushi.

"Ga shi ma an ware mana. Hotunan gona na bara. Allah ya yi wa mai wannan tsari albarka."

Injiniya yana durƙushe ya ga kibiyar ta hau kan foldar. Kafin ya tashi an danna. Foldar ta buɗe, sunayen mata suka fito reras. Malamin bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka an raba hotunan ne bisa ma'aikacin da ya ɗauko su.

"Wa ke zuwa Khaddamari a cikinsu?"

Mutane da yawa suka amsa baki ɗaya, "Ruƙayyatu."

"Kar ka buɗe!"

Ya manta makirfo yana hannunsa. Muryarsa ta fashe a lasifika har gilashin taga ya amsa. Amma an riga an danna. Hotunan suka cika bango, manya-manya. Na biki, na ɗaki, da na ɗinkin.

Ruƙayyatu tana gefe tana raba wa baƙi ruwa. Ta ɗaga kai ta ga kanta. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ruwan a ƙasa a hankali, ta ja laffayarta ta rufe fuska, ta fita. Baba Ba'ana ya sa hannun rigarsa ya kare idonsa yana innalillahi. Madam Margaret, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ita ta ruga ta tsaya a gaban majigin, hasken ya sauka a kan zanenta, ta laluba ta fizge wayar wuta. Duk abin bai ɗauki lokacin da za a sha kofin ruwa ba. Amma wayoyin samarin da ke sama sun riga sun ɗauka, wasu ma kafin su gane abin da suke ɗauka.

A ɗakin nan ba wanda ya kalli malamin. Kowa Injiniya yake kallo. Kowa ya ji cewa ya yi ihun ne kafin hoton ya fito. Ta yaya ya san abin da ke ciki?

Ya ce cuta ce ta shiga kwamfutocin. Ya ce 'yan kutse ne daga waje. Ya rantse, ya sake rantsewa. Madam ba ta yi musu da shi ba. Ta kulle ofis, ta aika aka kira wani mai gyara daga cikin gari, ta ce ya duba saitin kowace kwamfuta a gaban kowa. Aka bi tebur-tebur. Na Ruƙayyatu a buɗe. Na Serah a buɗe. Na Aminat a buɗe. Na maza kuwa duka a rufe gam, sai nasa.

Madam ta cire tabarau ta dube shi.

"Ɗana, wace irin cuta ce wannan da ta san mace da namiji?"

A ranar ya ajiye mabuɗan ofis. Mazan matan da danginsu suka so a kai shi ga hukuma, amma matan suka roƙa a bari, don shari'a tana nufin wasu idanun su sake kallon hotunan. Ku duba wannan, 'yan uwa. Waɗanda ya tozarta, kunyarsu ce ta hana a ɗaure shi.

Amma akwai ɗaurin da ba na gidan yari ba. A cikin foldar an ga sunayen da ba na ofis ba, har da na Ammatullahi, ƙanwar matarsa, wadda ta ba shi wayarta ya canja mata gilashi. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Saude a tsakar gida, yara sun sa takalma, jaka a gefe.

Ta ce, "Abban yara, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da Ammatullahi ta kawo maka wayarta, ka ce ta zauna ta ci abinci kafin ka gama, a gabana, a kan tabarmar nan. Tana cin tuwona kana cikin wayarta?"

Ta ɗauki jakar ta tafi gidan iyayenta. Har yau ba ta dawo ba.

A unguwa ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Sai dai in ya zo wucewa, matan da ke bakin famfo su juya baya su gyara mayafi. In ya zauna a majalisa, sai ka ga mutane suna mayar da wayoyinsu aljihu. Wanda jiya ake bi har gida da waya a hannu, yau ko caji ba mai ba shi ya sa. Ya nemi aiki a wasu ofisoshin, amma masu wannan sana'a a garin nan sun san juna, kuma sana'ar gaba ɗayanta amana ce. Wa zai ba shi mabuɗi? A masallaci ya koma sahun baya, daga baya ya koma wani masallacin da ba a san shi ba.

Ita kuwa Ruƙayyatu, wadda ba ta yi laifin komai ba, hotonta ya shiga wayoyi. Dattawa sun tara samarin sun sa sun goge a gabansu, amma wani ya riga ya tura wa wani. Mijinta ya tsaya mata, Allah ya saka masa, ya ce duk wanda ya kawo masa maganar banza ba shi ba shi. Duk da haka ta bar aikin da take so. Ta daina zuwa biki da suna. In ta shiga kasuwa wani ya kalle ta, sai ta ji kamar ya gani. Nononta ya ɗauke saboda damuwa, jaririn ya koma madarar gwangwani.

Bayan wasu watanni Injiniya ya rame, ya nemi wani malami ya raka shi gidan Ruƙayyatu neman gafara. Mijin ya karɓe su a zaure, ya saurare su har suka gama. Ya ce, "Malam, don darajarka na buɗe ƙofa. Amma ba ni aka yi wa ba. Bari in tambaye ta." Ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito.

"Ta ce a gaya masa, ita ba ta ƙi yafiya ba. Amma ya fara gaya mata wayoyi nawa hoton yake ciki yanzu, kuma yaushe zai gama gogewa. Ta ce ɗanta zai girma ya riƙe waya. In ya tabbatar mata yaron ba zai taɓa cin karo da shi ba, ya dawo."

Injiniya ya fashe da kuka a zauren mutane. Ya san yadda ake buɗe kowace folda da yadda ake rufe ta, amma wannan ba shi da wurin dannawa. Ya tashi ya fita. Daga baya an ce ya bar garin. Wanda ya gan shi na ƙarshe ya ce a wata tasha ya gan shi, yana zaune shi kaɗai, ya tsufa kafin lokacinsa.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi nan? Bai saci kayan ofis ba. Bai taɓa jikin kowa ba. Kallo ne kawai, in ji zuciyarsa. Amma Allah ya hana mu bin diddigin sirrin juna, kuma malamai sun karantar da mu cewa mai bin aibin ɗan uwansa, Allah zai tona nasa ko da yana ƙuryar ɗakinsa. Ku duba yadda aka kama shi. Ya zaɓi kowa don kada a ga sunansa, kowa ya shigo. Ya zaɓi sunan da yake ganin ba mai taɓawa, ranar ta zo da sunan nan kaɗai ake nema. Dabarar da ya yi don ya ɓuya, ita ta tsayar da shi a gaban jama'a. Kuma laifin da ke tsakaninka da Allah, in ka tuba yana yafewa. Wanda ke tsakaninka da bawa, sai bawan ya yafe.

Ku kuma 'yan uwana mata, ba ina ɗora mana laifi ba ne, mai laifi shi ne maci amana. Amma mu da muke kulle akwatin zannuwanmu, kada mu bar abin da ya fi zane daraja a teburin ofis. Kwamfutar aiki ba ɗakinki ba ce. In za ki juye hotunan aiki, ki zauna ki zaɓe su ɗaya-ɗaya, ko da kin gaji. Hoton asibiti, da likita ta gani ki goge. In kuma kin riga kin juye, gobe da safe ki cire, sannan ki sa a nuna miki saitin foldarki da idonki, ki ga wa aka buɗe wa. In kin ga an sa kowa, ki sa a rufe kina tsaye. Kada ki ji kunyar tambaya, kuma kada rantsuwa ta ishe ki. In za ki kai waya gyara, ki kwashe abin da ke ciki tukuna, ko ki zauna a gyara a gabanki, ko da mai gyaran mijin yayarki ne. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Masu riƙe da ofisoshi, ku raba waifan baƙi da na ma'aikata, wannan ba rowa ba ce. Kuma kada ku bar mabuɗan duka a hannun mutum ɗaya ba mai duba bayansa, komai yawan sallarsa. Duba shi taimakonsa ne. Da Madam ta san ta kira wani ya leƙa saitin nan tun farko, da watakila yau yana gidansa da iyalinsa.

Ya Allah, ka suturta mu da 'ya'yanmu da suturarka, ka tsare idanunmu daga abin da ba namu ba, kada ka bar mu da zukatanmu a lokacin da ba mai ganinmu sai kai. Ka sanyaya zuciyar wadda aka zalunta. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.

Kai kuma da kake karanta wannan, kana riƙe da lambobin sirrin mutane, ka san akwai ƙofar da ka buɗe wadda ba a ba ka izini ba: kada ka ce sai bayan taro, kada ka ce sai Asabar. Shi ma hannunsa ya kai kan wurin rufewa, ya janye. Ka goge abin da ka kwasa, ka rufe ƙofar nan yau, kafin ka tashi daga kan kujerar.